Itacen da Ke Rage Talauci Shi Ne Wanda Manomi Ya Mallaka



Da zarar damina ta kankama, ƙasashe masu tasowa da dama sukan ware rana guda ta dashen itatuwa. A kafa rumfa, babban baƙo ya durƙusa ya sa ɗan dashe a rami, a ɗauki hoto, a sanar cewa bana za a dasa miliyan kaza. A cikin jawabai kuwa ba a rasa jin cewa aikin zai tare hamada, ya kuma fitar da jama'a daga ƙangin talauci. Maganar tana da tushe, domin itace na iya rage talauci, kuma akwai hujja a ƙasa. Sai dai hujjar da ta fi ƙarfi a duk yankin Sahel daga gonakin gero na Maraɗi da Damagaram ta fito, inda ba a kafa rumfa ba, ba a kuma raba dashe ba. Abin da take nunawa shi ne, itace yana amfanar talaka ne idan talakan ne mai shi, shi ya rene shi, shi ke da ikon yi masa aski, ya ci 'ya'yansa, ya sayar da reshensa ba tare da fargabar tara ba. Duk shirin da ya tsallake wannan sharaɗi, ko da an kashe masa biliyoyi, da wuya ya taɓa tukunyar talaka.

Mu koma baya kaɗan. Bayan farin 1973 da na 1984, kudancin Jamhuriyar Nijar ya zama fili fetal. Jama'a sun ƙaru, an daina barin gona ta huta, kuma an daɗe ana koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, babu ko tsiro. Ga kuma doka. Tun dokar gandun daji ta Faransawa ta 1935, wadda gwamnatocin bayan 'yancin kai suka gada, itatuwa masu daraja suna ƙarƙashin ikon hukuma ne, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Malamin daji na iya cin manomi tara don ya sare reshen itacen da ya tsiro a gonar gadonsa. To mai hankali zai bar abin da zai jawo masa tara ya girma? Sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Sakamakon kowa ya gan shi: iska ta riƙa binne shuka da rairayi har sai an sake shuka sau biyu ko uku a damina guda, mata suka riƙa yin doguwar tafiya neman itacen girki, da ya gagara suka koma ƙona kara da kashin shanu, wato takin da gonar ke jira.

An yi ta dashe a waɗannan shekaru, an kafa wuraren renon itatuwa, amma akasarin abin da aka dasa bai kai labari ba: rani, awaki, gara da rashin mai kula suka cinye shi. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura da abin da ke gaban kowa. 'Yan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace bazara tofon kututturan itatuwan da aka sare ne, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, sun riga sun kai ga laima. Aikin da ake buƙata ɗan kaɗan ne. Manomi ya zo kan kututturen kalgo ko sabara da ya fitar da tofo ashirin, ya zaɓi huɗu ko biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya rage rassan ƙasa na waɗanda ya bari da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ƙarfin tsohuwar saiwa duka sai ya tattaru a kan waɗannan 'yan sanduna, cikin shekara biyu ko uku su wuce tsayin mutum. Wannan shi ne abin da manoman Nijar ke kira sassaben zamani. Gaskiya dai hikimar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, don tun a ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suka hana saran gawo da hukunci mai tsanani. An dai farfaɗo da abin da aka yi sakaci da shi ne.

Ba a karɓi abin da hannu biyu ba da farko. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, aka reni itatuwa wajen rabin miliyan, amma da aka daina rabon, manoma suka sare kusan kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu su ne suka zama malaman saura, domin maƙwabta sun ga geronsu bai ragu ba, ga kuma itacen wuta a ƙofar gida. Daga nan abin ya bi gona-gona, ƙauye-ƙauye. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam bayan shekara ta 2000, sai suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara, abincin mutum miliyan biyu da rabi. Wani bincike da aka buga a 2011 kan gidaje a jihar Maraɗi ya gano cewa kuɗin shigar masu wannan aiki ya ɗara na sauran da kashi 18 zuwa 24 cikin ɗari.

Ta ina arzikin ke shiga gida? A nan ya kamata mu dakata, domin nan ne zuciyar maganar. Ɗauki gawo. Shi ne itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da gero ke son rana, ya kuma yi kore shar da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da ake sayen takin zamani dominsa, ganyen da ya zubar ya ruɓe a gindinsa, dabbobin da suka kwanta a inuwarsa su bar kashi a wurin. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili girma. 'Ya'yansa kuwa buhu-buhu ake sayar da su ga masu kiwo. Ganyen kuka kuɗi ne a kasuwannin yankin Mirya. Aduwa, magarya, tsamiya da ɗorawa kowace da lokacinta, kuma yawanci suna nuna ne da rani da bazara, sa'ad da rumbu ya fara yin ƙasa. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne shekarar da damina ta ƙi. Gero yakan mutu idan ruwa ya ɗauke na mako uku, amma itace mai doguwar saiwa yana nan. Magidancin da ke da itatuwa arba'in a gonarsa zai iya yin aski ya kai itace kasuwa ya auno hatsi, maimakon ya sayar da akuyar ƙarshe, ko ya jinginar da gona, ko ya tafi cin rani ya bar iyali. Talauci a karkara sau da yawa daga irin wannan shekara guda yake kama mutum ya ƙi sakinsa, don haka abin da ya hana shi sayar da jarinsa a wannan shekara ya yi masa babban aiki.

Akwai masu cewa ba manoma ba ne suka yi wannan aiki, ruwan sama ne ya dawo bayan shekarun fari. Gaskiya ne damina ta ɗan gyaru daga tsakiyar shekarun 1990, kuma ta taimaka. Amma hotunan da aka ɗauka a kan iyakar Nijar da Najeriya sun nuna ƙauyuka masu ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, harshe ɗaya, sai ga shi ɓangaren Nijar ya fi cika da itatuwa nesa ba kusa ba. Girgije bai san iyaka ba. Haka kuma itatuwan sun fi yawa a inda jama'a suka fi cunkoso, ba a dajin da babu kowa ba. Abin da ya sauya shi ne matsayin manomi a kan itacen. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 ƙarfin malaman daji ya ragu a karkara, a wasu wuraren kuma aka sasanta da su suka daina cin tara, manoma suka fara ɗaukar itacen gona a matsayin nasu. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara buɗe ƙofa, sannan a watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a kauce masa ba. Ana cewa idan itatuwa miliyan 200 na kashe talauci, me ya sa har yau Nijar ke cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya, me ya sa yunwar 2005 ta yi ɓarna a Maraɗin kanta? Amsar ita ce itace ba ya gina asibiti, ba ya shimfiɗa hanya, ba ya daidaita farashin hatsi. Ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 4 ba a 1960, yau sun haura miliyan 25, gonar gado kuma sai ƙara tsagewa take yi tsakanin magada. Duk wanda ya ce dashe kaɗai zai magance wannan ya yi wa jama'a alkawarin da ba zai cika ba. Tambayar da ta dace ita ce, yaya waɗannan ƙauyuka za su kasance yau da an bar gonakin a share kamar yadda suke a 1984, da bakunan da suka ninka? Kuma wane shiri ne daban ya kai ga gidaje masu yawa haka da adda kawai, ba bashi, ba injin da zai lalace a rasa kayan gyaransa?

Sai kuma batun waɗanda ba su da gona. Idan itace ya zama na mai gona, ina makomar matar da a da take shiga ko'ina ta yi itace, da makiyayin da ke sassako wa shanunsa ganyen gawo? Wannan damuwa ce ta gaske, kuma an yi rigingimu a kanta. Ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye ya nuna hanya: sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa manoma, mata da Fulani makiyaya, suka yi ƙa'idar wanda zai sara, da yaushe, da abin da za a yi wa ɓarawon itace. Inda aka tsallake wannan zama, arzikin itace zai tattaru ne a hannun masu manyan gonaki, talakan talakawa ya tashi a tutar babu.

Mu dubi ɗaya ɓangaren. A Yuganda, ƙungiyar Oxfam ta ba da rahoto a 2011 cewa an tashi mutum fiye da 20,000 daga gundumomin Mubende da Kiboga domin a kafa gandun katako na kasuwanci. A takarda an ƙara daji, a ƙasa an ƙara matalauta. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, ya sa burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kacal aka cim ma a yankin da aka shata. Manoman Nijar da addunansu sun wuce haka. Abin yabo ne cewa masu shirin sun fara sauya tunani, daga jera itatuwa a layi zuwa gyaran gonaki da makiyaya tare da masu su.

Wannan ba ya nufin a rufe wuraren renon dashe. Inda ƙasa ta zama faƙo, babu kututture babu iri, dole a dasa, a haƙa ramukan tassa don tare ruwa, kamar yadda marigayi Yacouba Sawadogo ya yi a Burkina Faso. Jerin dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa a 1975 ya kare gonaki daga iska. Mangwaro, zogale da itacen ƙaro duk sukan so dashe. Amma ko a nan sharaɗin bai sauya ba: a san mai itacen tun ranar da aka sa shi a rami.

Saboda haka kiranmu ga hukumomi, musamman na jihohi 11 na arewacin Najeriya da ke cikin shirin Babbar Ganuwa, shi ne su daina auna nasara da yawan abin da aka dasa, su auna ta da yawan abin da ya rayu bayan rani uku da abin da ya shiga aljihun mai gona. A rubuta a doka, a kuma faɗa a rediyo da harshen da kowa ke ji, cewa itacen da manomi ya rena nasa ne. A mai da malamin daji mai koyarwa. A ɗebi manoman Katsina, Jigawa da Sakkwato a kai su Maraɗi da Damagaram su gani da idonsu, tafiyar ba ta da nisa. Sarakuna da masu unguwanni su zaunar da manoma, mata da makiyaya a yi ƙa'ida tun kafin rigima ta taso. Kai kuma manomi, idan ka fita sharar gona a bazarar nan, ka duba kututturan da ke tofo kafin ka ɗaga adda, ka zaɓi waɗanda za ka bari.