Faransancin Allo Ya Ishe Mu Haka

A 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya. Kafin nan ma, tun 1991 aka kafa cibiyar koyon harshen a Badagry. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin sun sa mu a tsakiya, kowace da Faransanci take aiki. To, ina Faransancin namu? Tare yaron da ya gama ƙaramar sakandare, ka ce ya tambayi hanyar tasha da harshen. Sai zare ido. Shekara uku yana rera sarrafa être da avoir, malam na bugun tebur da bulala, amma ko kuɗin burodi ba zai iya tambaya ba.

Kada wani ya ce mini yaranmu ne ba su da kai. A Kano akwai samarin da ke jin Indiyanci, har suna fassara wa abokansu fim. Wa ya ba su darasin nahawu? Tun zamanin da Kwarori ke kawo finafinan Indiya gidajen silima, ido ke ganin uwa tana kuka, kunne na jin abin da ta faɗa, zuciya kuma na ƙagara ta san ƙarshen labari. Haka kalma ke zama daram.

Abin da ya fi ƙona mini rai, malaman sun san wannan sarai. Ɗalibin kwalejin ilimi idan ya fita gwajin koyarwa, kwana yake yana zane a kwali, saboda mai duba shi zai ba da maki. Ranar da ya karɓi takardar shaida, kwali ya tafi hura wuta. Haba! Ashe don malamin duba aka yi hoton, ba don yaro ba?

Za a ce babu kuɗi, kuma aji ya cika maƙil. Cikar aji gaskiya ce, ban musa ba. Amma nawa ne hoton kasuwa da aka yanko daga tsohuwar kalanda? Labari mai layi goma, na yarinyar da akuyarta ta ɓace ranar kasuwa, alli kawai yake ci. Ka tsaya a layi na bakwai ka ce sai gobe, ka ga ko yaran ba su biyo ka har bakin ƙofa ba.

Masu tsara manhaja da masu duba makarantu ne suka ɗaure wa wannan lalaci gindi. Littafin shirin darasi suke buɗewa, su sa hannu, su hau mota. Babu mai tsayar da yaro ɗaya ya ce masa: ba ni labarin akuyar nan da Faransanci.