Tafkin Gurara ya cancanci kwale-kwale, ba bututu kaɗai ba

Duk ƙarshen mako, masu hali a Legas sukan hau ƙananan jiragen ruwa su nufi Tarkwa Bay, bakin tekun da mota ba ta kaiwa. A Turkiyya kuwa, jiragen katako na garin Bodrum sun daɗe suna ɗaukar baƙi kwana da kwanaki, suna bin gaɓar teku lungu-lungu har su sami inda iska ba ta kaɗawa, su jefa anga, a yi girki, a kwana. Ba girman jirgi ake saya a wannan harka ba. Abin da baƙo ke biya shi ne sanin matuƙi: ina ne ruwa ke kwance, ina ne ƙasan ke da laka ko yashi da zai riƙe anga, ina ne duwatsu suka ɓuya.

Kudancin Kaduna ba shi da teku, amma yana da ruwan da zai ɗauki irin wannan sana'a, kuma an bar shi kara zube.

Madatsar ruwa ta Gurara, wadda Gwamnatin Tarayya ta gina a yankin Kachia da Kagarko, tana iya tara ruwa kimanin kubik mita miliyan 880. Daga nan wani ƙaton bututu mai tsawon kusan kilomita 75 ke jan ruwan zuwa madatsar Lower Usuma, inda Abuja ke sha. Akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 30, akwai kuma shirin noman rani na Azara da Jere. Duk waɗannan ayyuka ne na alheri. Sai dai tambayar da ya kamata 'yan majalisar yankin su riƙa yi ita ce: me saman tafkin ke kawo wa mutanen da suka wayi gari ruwa ya mamaye gonakinsu?

Tafkin da aka tare a ƙasa mai tuddai ba ya zama da'ira kamar faranti. Ruwan yakan bi kwaruruka da bakin ƙoramu ya shige, ya bar ƙananan lunguna masu inuwa, waɗanda tudu ke kare su daga iskar hunturu. Irin waɗannan wurare ne masu yawon ruwa a duniya ke kashe kuɗi su nema. Kuma akwai waɗanda suka riga suka san su: masunta da masu fito. Mai kwale-kwalen da ke zuba koma da asuba ya san inda gora ke taɓa ƙasa da inda ba ta taɓawa. Ya san inda kututturen itatuwan da ruwa ya shanye suke tsaye, taku ɗaya ƙasa da fuskar ruwa, suna jiran cikin jirgi. Idan hadari ya taso daga gabas a watan Mayu, ya san lungun da zai ruga ya ɗaure jirginsa kafin igiyar ruwa ta fara dukansa.

Wannan ilimi jari ne, kuma ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Yankin kuma yana da abin da zai riƙe baƙo fiye da yini ɗaya. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, yana da tasha a Jere. Daga can hanya ta miƙe zuwa Kwoi da ƙauyen Nok, wanda sunansa ya zaga duniya saboda mutum-mutumin yumɓu da aka fara tonowa a 1928. Gaba kaɗan ga Kafanchan, tsohuwar mahaɗar layin dogo, da magangarar ruwa ta Matsirga mai zubowa daga tsayin kusan mita 30, ga duwatsun Kagoro inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Wanda ya zo kallon dutse da tarihi, idan aka ƙara masa yini guda a kan ruwa da gasasshen kifi a bakin gaɓa, zai kwana, kuma kwanan nan ne ke sa kuɗi a hannun mai masauki, mai abinci da ɗan acaɓa.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu, kuma dukansu masu nauyi ne.

Ta farko ita ce tsaro. Kachia da Kagarko sun sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma wurin da ya kaɗaita, wanda shi ne abin sayarwa, shi ne kuma abin tsoro. Ba wanda zai ce a kai baƙi su kwana a lungun daji yau. Abin da zai yiwu shi ne yawon rana, a kusa da jikin madatsar inda dama akwai masu gadi, a wasu zaɓaɓɓun matsayai da jami'an tsaro da dagatai suka amince da su. Ruwan da jama'a ke kai-komo a kansa, da rajista da idon hukuma, ya fi wuyar zama mafakar ɓata-gari a kan wanda kowa ya ƙaurace masa.

Ta biyu ita ce haɗari, kuma Arewa ta ga abin da ya ishe ta. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure. Dalilan kan maimaita kansu: lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, rashin rigar kariya, tsohon jirgi, itacen da ke ƙarƙashin ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, amma doka takan tsaya a takarda idan babu mai tsayawa a bakin ruwa yana ƙirga fasinja. Amfanin farawa daga tushe shi ne ana iya kafa ƙa'ida tun kafin mugun sabo ya kama. Legas ta kafa tata hukumar, LASWA, a 2008, don kada komai ya jira Abuja.

Akwai kuma batun tsabta, domin ruwan sha ne na miliyoyin mutane. Wannan ma yana goyon bayan ƙananan jirage: na filafili, ko masu ƙaramin inji da aka duba, ba manyan jiragen shagali masu zubar da mai ba.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kilomita ɗaya na titi ba. Gwamnatin Jihar Kaduna ta zauna da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya, mai madatsar, da NIWA. A ɗauki masuntan yankin su zagaya da masu safiyo lokacin rani, sa'ad da ruwa ya ja baya kututture suka fito fili, a sa musu alama, a zana taswira. A gina matsaya uku ko huɗu na katako, kowace da akwatin rigunan kariya da littafin shiga da fita. A rubuta adadin fasinja a jikin kowane jirgi, a tsayar da ƙarfe 6 na yamma a matsayin lokacin ɗaure jirage. Lasisin farko kuma a ba ƙungiyoyin masu fito na ƙauyukan da ke bakin tafkin, kafin wani ɗan kwangila daga Abuja ya riga su.