Kafin a sayi agogon motsa jiki: darasin 'yan tseren ƙanƙara ga matasan Mairuwa

Duk wanda ya kalli bidiyon motsa jiki sau biyu ko uku a TikTok ya san abin da ke biyo baya. Manhajar za ta riƙa jero masa irinsa, har ta kai shi ga Turawa masu tsere a kan dusar ƙanƙara, sanye da dogayen allunan zamiya a ƙafa, da sanduna biyu a hannu, suna hawa tudu suna gangarowa. Daga nan sai tallar agogon zamani ta faɗo: yana auna bugun zuciya, yana ƙirga taku, yana faɗin ƙarfin huhu. Saƙon da ake son matashi ya ɗauka shi ne, ƙarfin waɗancan mutane a wuyan hannunsu yake.

Ga matashin da ke Mairuwa, a ƙaramar hukumar Faskari, wannan saƙo na iya jawo asarar kuɗi. Agogo mai inganci kuɗinsa ya kai na buhunan masara da dama, na araha kuma galibi lambobin da yake nunawa ba abin dogaro ba ne. Abin da ya cancanci a ɗauko daga 'yan tseren ƙanƙara shi ne tsarin atisayensu, kuma wayar Tecno ko Infinix ko Itel da ke aljihu ta isa a fara shi, muddin an san yadda za a yi amfani da ita ba tare da jefa kai cikin haɗari ba.

Najeriya ma ta taka ƙanƙara

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a jihar Katsina. Ko garin Ƙanƙara suna kawai ya ci, iyakar abin da ake gani shi ne wadda ke faɗowa tare da ruwan sama jefi-jefi. Duk da haka tutar Najeriya ta shiga gasar Olamfik ta hunturu. A 2018, a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga sun wakilci ƙasar a tseren keken zamiya, Simidele Adeagbo kuma ta fafata a wani nau'in da mutum ɗaya ke kwanciya rubda ciki a kan allo. A 2022, a Beijing, Samuel Ikpefan ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shiga tseren dogon zango a kan allunan zamiya.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, Ikpefan a Faransa ya tashi, kusa da tsaunukan Alps, su Adigun kuma a Amurka. Babu wanda zai yi wa yaron Mairuwa ko Sabuwa alkawarin lambar yabo a kan ƙanƙara. Amma yadda suka shirya yana da abin lura. 'Yan matan uku duk 'yan tseren fili ne tun farko, kuma Adigun da kanta ta haɗa keken katako a birnin Houston na jihar Texas, inda ake zafi, suka riƙa tura shi a kan busasshiyar ƙasa.

Kafin su, Kenya ta ga irin haka. Philip Boit ɗan tseren gudu ne da aka kai Finland a 1996 don ya koyi zamiya. A gasar Nagano ta Japan a 1998 shi ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10, kimanin minti 20 bayan zakaran, Bjørn Dæhlie na Norway, wanda ya tsaya a bakin layi har Boit ya iso suka rungumi juna. Dabarar zamiya ce ta yi masa ƙaranci, amma juriyar da ta kai shi ƙarshen tseren daga gudun da ya saba yi a gida ya zo da ita.

Yawancin aikin ba a kan ƙanƙara ake yin sa ba

'Yan tseren Norway da Sweden da Finland suna shafe watanni da dama kowace shekara babu dusar ƙanƙara a ƙasa. A wannan lokaci ne suke gina jikinsu: gudu a daji, tuƙa keke, hawan tudu da sanduna biyu, da zamiya a kan kwalta da wasu gajerun alluna masu tayoyi. Haka ma masu hawan tsauni da allunan zamiya, wasan da aka shigar cikin gasar Olamfik ta 2026 a Italiya. Ɗan Sifaniya Kílian Jornet ya yi suna a wannan wasa da sanyi, ya kuma yi suna a gudun tsauni da ƙafa idan ƙanƙara ta narke, domin zuciya da huhun da ke aikin duk ɗaya ne.

Abin da zai ba mai kallon TikTok mamaki shi ne saurin da suke yi. Marit Bjørgen ta Norway ta ci lambobin Olamfik 15. A 2017 masu bincike a ƙasarta suka bi diddigin littattafan atisayenta, suka gano cewa a shekarun da take ganiyarta tana yin sama da awa 900 a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na atisayen juriyarta a hankali take yin sa. Masanin motsa jiki Stephen Seiler ya daɗe yana nuna cewa manyan 'yan wasan juriya suna yin kusan kashi 80 na atisayensu cikin sauƙi, sauran ne kawai mai tsanani.

Dalilin a jiki yake. Doguwar tafiya a hankali tana sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, tana ƙara ƙananan jijiyoyin jini a cikin tsoka, kuma tana barin jiki ya murmure kafin washegari. Wanda ke ƙure kansa kullum yakan yi mako biyu ko uku, sai ciwon gwiwa ko gajiya su kwantar da shi. Hausawa sun riga sun faɗa: sannu ba ta hana zuwa.

A nan ne manhajojin gudu ke iya ɓatar da mai farawa. An gina su ne don a riƙa komawa cikinsu, shi ya sa suke raba kambu da lambobi ga wanda ya karya tarihinsa na jiya, suna kuma jera sunayen abokai daga mai sauri zuwa mai nawa. Matashin da ya ga abokinsa na Funtuwa ya wuce shi a jerin zai fita gobe da niyyar ramuwa, ranar da ya kamata ya yi sassarfa kawai.

Abin da waya ke iyawa

Amfanin waya na farko shi ne ajiye bayani. Binciken da aka yi a kan Bjørgen ya yiwu ne saboda ta shafe shekaru tana rubuta abin da ta yi kowace rana. Manhajar rubutu da ke zuwa da kowace waya ta isa wannan aiki: kwanan wata, minti nawa, gudu ne ko keke, da yadda jiki ya ji. Bayan wata uku mutum zai ga ci gabansa da idonsa.

Na biyu shi ne auna nisa. GPS saƙo yake karɓa kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, don haka yana aiki ko babu data, ko da yake yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya gano inda mutum yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yankin da aka taɓa katse wa layukan sadarwa na watanni a 2021, lokacin da matakin ya shafi ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Manhajoji irin su Strava suna iya ɗaukar bayanin gudu babu sabis, su adana shi a wayar. Sai dai GPS na cin caji, saboda haka gara a rage hasken fuska, a rufe sauran manhajoji kafin a fita.

Bugun zuciya kuwa ana iya auna shi da yatsu biyu a gefen wuya ko a wuyan hannu: a ƙirga na daƙiƙa 15 da agogon waya, a ninka sau huɗu. Wanda ya riƙa yin haka da asuba kafin ya tashi daga shimfiɗa zai san adadinsa na kullum. Ranar da ya ga ya haura sosai, alama ce ta gajiya ko zazzaɓi na tafe, sai ya huta. Akwai ma'aunin da ya fi wannan sauƙi: idan mutum na gudu yana iya hira da na kusa da shi cikin cikakkun jimloli, yana kan saurin da ya dace. Idan sai kalma ɗaya-ɗaya yake iya fitarwa, ya wuce gona da iri.

Masu sayar da agogo za su ce nasu ya fi daidai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Agogo mai kyau yana sauƙaƙa aiki ga wanda ya daɗe a harkar. Amma hasken da ke bayansa yakan ruɗe idan hannu na girgiza ko agogon bai zauna daram ba, lambar ƙarfin huhun da yake nunawa kuma ƙiyasi ce daga lissafi, ainihin gwajin a ɗakin bincike ake yin sa da abin rufe baki da hanci. Johannes Klæbo, fitaccen ɗan tseren ƙanƙara na wannan zamani, yana da damar samun kowace irin na'ura, amma kakansa ne ya daɗe yana horar da shi.

Yadda mako zai kasance a Mairuwa

Mai farawa zai iya fita kwana huɗu a mako, minti 30 zuwa 45, yana haɗa tafiya mai sauri da sassarfa. Keke ma ya shiga lissafi, haka tsallen igiya a tsakar gida, wanda ya dace da 'yan matan da fita ke yi wa wuya. Bayan wata guda sai a ware rana ɗaya ta aiki mai tsanani: minti huɗu ana gudu da ƙarfi, minti uku ana tafiya, a maimaita sau huɗu. Masu bincike a birnin Trondheim na Norway ne suka shahara da wannan tsari. Inda akwai tudu, sandunan gora biyu za su sa kafaɗa da baya su shiga aikin, kamar yadda 'yan zamiya ke yi. Da damina kuwa, wanda ya yini yana noma ya riga ya yi atisayensa, bai kamata ya ɗora gudu mai tsanani a kai don manhaja ta nuna masa sifili ba.

Yanayi ma abin dubawa ne. An san 'yan tseren ƙanƙara da yawan fama da asma saboda shaƙar busasshiyar iska mai sanyi da ƙarfi na tsawon lokaci. Iskar hunturu a nan busasshiya ce, ga ƙura a kai, don haka ranar da hazo ya rufe gari ba ranar ƙure huhu ba ce. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi na sa zuciya ta ƙara bugu a kan saurin da aka saba. Manhaja za ta nuna an rage sauri, kuma hakan daidai ne. A fita da sassafe, a sha ruwa sosai, da azumi kuma a sassauta.

Taswirar da ba ta kamata kowa ya gani ba

Akwai abin da ɗan Norway ba ya damuwa da shi sosai, amma ga ɗan Faskari zancen rai ne. Manhajar gudu tana zana hanyar da mutum ya bi, da lokacin da ya fita, da ƙofar da ya faro. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu gudu tana bayyana sansanonin soja a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan. A 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna yadda ake iya bin sawun shugabannin ƙasashe ta hanyar gudun da dogarawansu ke wallafawa.

Idan hakan ta faru da sojoji, matashin da ke yankin da aka sace ɗaruruwan ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020 ya fi kowa buƙatar hattara. Wanda ke ɗora hoton taswirarsa a WhatsApp ko Facebook kowace safiya yana sanar da wanda bai sani ba inda za a same shi shi kaɗai, da ƙarfe nawa. Matakan kariya ba su da wuya. A shiga saitin sirri na manhajar, a mayar da bayanan gudu yadda mai wayar kaɗai zai gani, a kashe saka bayanai cikin taswirar jama'a, a ƙi karɓar mabiyan da ba a sani ba. Idan ana son nuna wa abokai, a tura adadin mintuna da kilomita ban da taswira. A yi gudu cikin gari ko a filin makaranta, tare da abokai, bayan gari ya waye, kuma a riƙa sauya hanya da lokaci.

Tun da aka fara tseren fanfalaki na Legas a 2016, 'yan asalin Kenya da Habasha ne ke lashe shi, 'yan jihar Filato kuma su suka fi yin fice cikin 'yan gida. Matasan kudancin Katsina da suka saba da doguwar tafiya da aikin gona ba su rasa juriya ba. Abin da ya rage shi ne tsari da kuma inda za a gwada su, kuma tseren kilomita biyar a cikin gari, wanda makarantu ko ƙungiyoyin matasa za su shirya, bai fi ƙarfin kowa ba. Wanda ya cika wata shida yana fita yana rubutawa, idan daga baya ya sayi agogo, zai san ma'anar lambobin da yake gani. Wanda ya fara da sayen agogo kuwa, sau da yawa kafin wata uku agogon ya koma na duba lokacin salla.