Cinikin Bindiga: Sabuwa Ko Ta Hannu?

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, ciyawa ta soma bushewa, akwai wata gardama da ta kan tashi a dandalin ƙauye da rumfunan kasuwa, tsakanin maharba, da 'yan sintiri, da manoman da birai suka dama da ɓarna. Gardamar kuwa ita ce, mutum ya sami 'yan kuɗi a hannu yana bukatar bindiga, shin ya daure ya sayi sabuwa, ko kuwa ya nemi ta hannu don ya rage wa aljihunsa nauyi? Mun ga ya kamata mu tsoma baki cikin wannan magana, domin a ganinmu jama'a suna auna ta da mudun da ba nata ba, watau mudun kuɗi kaɗai.

Masu son ta hannu suna da hujja, ba mu musa ba. Su kan ce da tsohuwar zuma a ke magani, kuma gaskiya ne bindiga mai baki biyu ƙirar ƙwarai, wadda mai ita ya riƙe da tsabta, ta kan yi wa uba aiki ta yi wa ɗa. Amma fa cinikin bindiga dabam ya ke da cinikin keke ko rediyo. Wanda aka cuta a cinikin keke iyakarsa ya turo shi gida da ƙafa, yara su yi masa dariya. Wanda aka cuta a cinikin bindiga kuwa, da yatsunsa ya kan biya, ko da idonsa, ko da shekarun da zai yi a kurkuku. Dalili shi ne tsohuwar bindiga tana tafe da labari iri biyu waɗanda dillali ba zai faɗa maka ba, ɗaya yana cikin ƙarfenta, ɗaya kuma yana cikin hannuwan da ta bi kafin ta iso gare ka.

Mu fara da na ƙarfe. Albarushin gargajiya idan ya ƙone ya kan bar wata baƙar dauɗa a cikin bututun bindiga, ita kuwa dauɗar nan tana jawo laima. In ba a wanke ta ba ran da aka yi harbi, sai tsatsa ta kama cin ƙarfen daga ciki, tana yin 'yan ramuka, ƙarfen yana ta sirancewa shekara bisa shekara. Mai sayarwa ya goge bayanta da toka, ya shafa mai, ya sa wa ƙotar fenti, ka gan ta tana ƙyalli kamar amarya, alhali kuwa inda mutuwa ta ke ido ba ya kai wa can. Haka nan idan an taɓa harba ta da laka ko tsumma a bakinta, bututun ya kan kumbura kaɗan a wuri guda, wurin nan kuwa ya raunana ke nan har abada. Ranar da aka ɗura mata albarushi fiye da kima, nan za ta tsage, daidai inda hannun hagu ya ke riƙe da ita.

Ban da bututu akwai kunama. Ɗan haƙorin ƙarfen da ke riƙe da ita bayan an ɗana ya kan side saboda yawan aiki, har ya zama bindiga ta faɗi ƙasa kawai, ko ta bugi ƙyauren ɗaki, sai ta tashi da kanta. Ga kuma batun harsashi. Da yawa cikin tsofaffin bindigogin Ingila an ƙera su ne don harsashi mai tsawon inci biyu da rabi, alhali wanda ya fi yawa yanzu inci biyu ne da rubu'i uku. Dogon ya kan shiga, bindiga ta rufu lafiya lau, amma sa'ad da aka harba ƙarfin da zai matsa wa ƙarfen ya wuce abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Mutum nawa ne cikin masu ciniki a bayan rumfa suka san wannan?

Mutanen Ingila, waɗanda suka daɗe suna ƙera bindiga suna sayar wa duniya, ba su yarda da ganin ido ba cikin wannan sha'ani. Tun 1813 suka kafa gidan gwajin bindiga a birnin Bamingaham, ban da wanda ke London tun kafin wannan. A can a kan ɗura wa bindiga abin da ya fi nata na kullum ƙarfi, a harba ta a cikin ɗaki mai kauri ba kowa kusa. In ta jure, a buga mata hatimi a jikin ƙarfe, in ta tsage, ta tsage a inda ba ta cuci kowa ba. Dokarsu ta 1868 ta hana sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi, kuma ko tsohuwa ce, in cikin bututunta ya faɗaɗa fiye da ƙa'ida, sai an sake gwada ta kafin a sayar. To, mu a nan wa ke gwada mana? Maharbi da kansa shi ne gidan gwaji, da fuskarsa ya ke gwadawa.

Labari na biyu ya fi na farko nauyi. Bindiga ba ta ruɓewa kamar hatsi, ta kan shekara hamsin tana yawo daga hannu zuwa hannu. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya cikin 2011 makamai suka bazu cikin Sahara, waɗansu suka gangaro har ƙasashenmu. A cikin gida kuma, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa ƙarshen 2018 akwai bindigogi 178,459 na 'yan sanda waɗanda ba a san inda su ke ba, cikinsu har da AK-47 guda 88,078. Ko da an yi gardama a kan adadin, abin da mai saye zai lura da shi a fili ya ke. Bindigar da wani baƙo ya kawo maka da dare a cikin buhu, ya karya maka kuɗinta, mai yiwuwa ne daga hannun ɗan sandan da aka kashe ta fito, ko kuwa da ita aka tare hanyar kasuwa makon jiya. Kowace bindiga tana barin tabonta a jikin kwanson harsashi, masu bincike kuwa suna iya gane shi. Ran da aka same ta a ƙarƙashin gadonka, baƙon ya daɗe da ɓacewa, kai ne za ka amsa tambaya a kan jinin da ba ka san lokacin da aka zubar ba. In ka ga an kankare lambar da ke jikinta, to, an gaya maka kome ke nan, sai dai in ba ka son ji.

Ya kamata kuma jama'a su san abin da doka ta ce, gama rashin sani ba ya fid da mutum a gaban alƙali. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da ƙananan nan na aljihu. Ba mai riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ɗaya kuwa ɗaurinsa ba ya kasa shekara goma. Kashi na biyu su ne na farauta, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne na ɗuri ta baki, watau adaka da 'yan'uwanta, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba lasin, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka ɗaure saboda laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Har wa yau dokar ta hana a sayar wa wanda bai nuna lasinsa ba, ta kuma hana a sayar da bindigar da ba ta da sunan maƙerinta da lamba a jikinta. Lasin kuwa na mutum ne shi kaɗai, ba ya bin bindiga zuwa hannun wanda ya saye ta.

To, ashe sabuwa ita ce mafita ke nan? Sai a yi hattara, gama abin da a ke kira sabuwa a kasuwanninmu iri biyu ne, kowanne da nasa aibi. Akwai ta maƙera. Ba mu raina sana'ar maƙeranmu ba, cikinsu akwai gwanaye waɗanda suka gaji aikin kaka da kakanni, su ne ma ke gyara bindigogin da a ke bugawa a hawan salla. Amma akwai kuma masu yanko bututun famfo su ɗaura masa ƙota su ce bindiga ce. Bututun famfo an yi shi ne don ruwa, yana da ɗinki a tsawonsa, ba a yi shi don wuta ba. Irin wannan ko jiya aka ƙera ta, ta fi tsohuwa mai shekara arba'in haɗari. Sa'an nan akwai ta fasa-ƙwauri. A cikin Janairu 2017 ma'aikatan kwastan sun kama bindigogi 661 a Ikko, sababbi ful cikin akwatunansu, irin waɗanda a ke ɗana su da jan hannu, kafin shekarar ta ƙare kuma abin da suka kama ya haura 2,000. Sabunta ba ta halatta ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya sayi irinsu ya sayi ɗauri da kuɗinsa, yana murna ya sami sabuwa.

Saboda haka shawararmu ga duk wanda bukata ta gaskiya ta kama shi ita ce, kafin ya tambayi shekarun bindiga ko kuɗinta, ya tambayi abu uku. Na farko, shi kansa yana da lasin a hannu? In babu, to, ciniki bai taso ba tukuna. Na biyu, mai sayarwa sananne ne, mai rajista, wanda zai ba da takarda, ya kuma yarda a tafi ofishin 'yan sanda tare a rubuta lambar bindigar da sunan sabon mai ita? Na uku, wani masani wanda ba shi da ko kwabo cikin cinikin ya kwance ta, ya leƙa cikin bututun a hasken rana, ya gwada kunamar? Idan amsoshin nan uku sun yi daidai, tsohuwa mai asali ba ta da laifi, ta ma fi sabuwar da ba a san uwarta ba. Idan duka biyu sun cika sharuɗɗan, mu dai sabuwa muka zaɓa wa wanda bai goge da bindiga ba, domin araha ba ta ado, kuma abin da ya rage a ciniki bai kai kuɗin asibiti ba. Idan kuwa ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, ya mai da kuɗinsa aljihu, kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma bindigar gado, wadda ita ce ta hannun da ta fi yawa a gidajenmu. Tsoho ya rasu, an bar ta rataye a bango ko a cikin rufin ɗaki, wani lokaci ma da ɗurinta a ciki shekara da shekaru, yara suna wasa kusa da ita. Magada su sani ba a gadon lasin kamar yadda a ke gadon gona. Abin da ya dace shi ne a sanar da 'yan sanda da wuri ta hannun mai unguwa ko dagaci, wanda zai riƙe ta ya nemi izni da sunansa, in kuwa babu mai bukata a miƙa ta ga hukuma. Sayar da ita a ɓoye don a raba kuɗin, sa wa mamaci suna ne cikin laifin da bai ji ba bai gani ba.

Daga ƙarshe muna da roƙo ga hukuma, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A cikin Yuni 2022 Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce wa mutanensa su nemi lasin su mallaki bindiga don kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce Gwamna ba shi da wannan iko. A cikin 2023 kuma shugaban 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar an tsai da ba da lasin. Mun fahimci dalili, makamai sun yi yawa a ƙasa. Amma ɗan fashi bai taɓa zuwa ofis neman lasin ba. Wanda rufe ƙofa ke tsayarwa shi ne maharbi mai gaskiya, shi kuwa in ya gaji da jira sai dillalin dare ya same shi. Muna ganin zai fi amfani a rubuta maharba da 'yan sintiri gunduma gunduma ta hannun hakimansu, a yi wa maƙeran ƙwarai rajista, a tilasta musu buga suna da lamba a kan kowace adaka da suka taɓa. Ga ma'aikatar ƙera makamai ta Kaduna tun 1964, ga kuma cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021. Tsakaninsu ba za a rasa masanan da za su shirya mana wurin gwaji irin na Bamingaham ba, ko da guda ɗaya ne a kowane yanki.

Kafin a kai ga haka, jama'a, kowa ya yi wa kansa faɗa. Ba a cinikin biri a sama, balle abin da ke ɗauke rai cikin ƙiftawar ido. Allah ya kiyashe mu da sayen wahala da kuɗinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, har a wayi gari manomi ba ya bukatar kome a gona sai fartanyarsa. Amin.