Da Kayan Wa Aka Yi Miyar Nan?

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau maganar wata sana'a za mu yi wadda ta bunƙasa a Amurka, har ƙurarta ta iso cikin wayoyin da ke aljihun samarinmu. Sana'ar kuwa ita ce sayar da labarin kisan kai, watau labarin mutanen da aka kashe da gaske, masu suna, masu uwa da uba. Mutum ya zauna gaban na'urar ɗaukar magana ya tsara yadda abin ya faru, a sa a intanet, duk mai waya ya saurara kyauta, kamfanoni kuma su biya shi kuɗin talla. Irin wannan shiri shi a ke kira fodkas.

Cikin waɗanda suka yi fice a sana'ar akwai wata mata, Ashley Flowers, mutuniyar jihar Indiyana. A watan Disamba na 2017 ita da ƙawarta Brit Prawat suka fara shirin Crime Junkie, ma'ana wanda jarabar labarin laifi ta kama. Kowace Litinin sai sabon labari, masu sauraro suka yi ta ƙaruwa, ta kuma kafa kamfani nata mai suna audiochuck. To, da aka ji za ta rubuta ƙagaggen labari na kisan kai, sai masoyanta suka hau ƙirga kwanaki, waɗansu har suka biya tun littafin bai fito daga maɗaba'a ba. A watan Agusta na 2022 ya fito da suna All Good People Here, ya kuwa hau kan jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times. Na biyu, The Missing Half, ya biyo baya a watan Mayu na 2025. Duk ranar da aka ce wani sabo na tafe, haka za a sake yin ɗoki.

Mu kam ba mu ga laifin ɗokin nan ba. Kai, mun ma fi son ta rungumi alƙalami. In dai nishaɗi a ke nema, gara a ƙago matacce a ƙago makashi, a karanta a rufe littafi, babu uwar da za ta ji ana nanata yadda aka tsinci gawar 'yarta tsakanin tallar katifa da tallar sabulu. Amma fa ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin abin da ke faruwa idan mai tuwo ta yi suna a unguwa. Ranar da ta fara dama fura, mutane za su yi layi tun ba su ɗanɗana ba. Sunanta su ke saye. To, wanda zai ba da kuɗinsa bisa suna yana da ikon ya tambaya da kayan wa aka yi sunan, da kayan wa kuma aka yi miyar da a ke miƙo masa.

Ku fara da bangon littafin. Sunan Ashley Flowers na nan da manyan baƙaƙe, ƙasa da shi kuma ga wani suna da ƙanana, Alex Kiester. Wannan marubuciya ce mai littafinta na kanta, da ita aka rubuta duka biyun. Mun yaba da aka sa sunanta, don da yawa cikin masu suna su kan ɗauki ɗan ƙodago ya yi rubutun, su biya shi, su shafe shi. Duk da haka mai murna da cewa zai ji muryar gwanarsa a takarda ya sani hannu biyu ne suka yi aikin, guda ɗaya a ke kira a talla.

Maganar sa suna ba ƙarama ba ce ga wannan gida. A 2019 wata 'yar jarida, Cathy Frye, ta fito fili ta ce an kwashi aikinta ba a ambace ta ba. Ita ce ta bi diddigin kisan wata yarinya mai shekara 13 da aka yi a jihar Akansas a 2002, ta sha wahalar neman dangi da 'yan sanda, ta rubuta wa jaridarta. Waɗansu masu irin wannan shiri su ma suka kawo kuka. Masu Crime Junkie suka sauke waɗansu daga cikin shirye-shiryensu, suka ce za su gyara yadda su ke nuna inda suka samo labari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan: ɗan jarida ya yi wata da watanni yana yawo, mai murya ya karanta cikin sa'a guda, a san shi a manta da wancan.

Abin da ya fi damunmu shi ne littafin farko kansa. An ce ƙagagge ne. Labarin wata 'yar jarida ce da ta koma garinsu, Wakarusa, tana tono kisan wata yarinya maƙwabciyarta mai shekara 6, wadda aka wayi gari babu ita a gida, aka yi ta nuna hotunanta cikin kayan rawa, gari ya zura wa iyayenta ido. Babu Ba'amurken da ya yi wayo a 1996 da zai karanta wannan bai tuna da JonBenét Ramsey ba, kuma masu karatu da yawa sun faɗi haka. Ita ma shekararta 6, ana sa ta gasar kyau ta yara, aka tsinci gawarta a ɗakin ƙasa na gidansu a Bolda ta jihar Kolorado a watan Disamba na shekarar nan. Shekara da shekaru jaridu na zargin iyayenta. Uwar ta rasu a 2006. Sai a 2008 mai gabatar da ƙara ta rubuta wa uban takarda ta wanke su, ta ba su haƙuri. Uban na nan, ɗan'uwanta na nan, ba a taɓa hukunta kowa a kan kisan ba. In marubuci ya ɗauki tukunyar mutane ya sauya mata marfi, sa'an nan ya nuna yatsa ga wanda ya ga dama a ƙarshen labari, ina mai ƙara zai kai ƙara? Za a ce masa ai ƙage ne.

Kada a ce mun rufe ido ga alheri. A 2020 Ashley Flowers ta kafa wata ƙungiya, Season of Justice, mai biyan kuɗin gwajin jini da ƙwayoyin gado don tsofaffin shari'un da 'yan sanda suka ajiye saboda rashin kuɗi. Wannan aiki ne na gaske, dangin talaka su ke cin moriyarsa. Sai dai abin tambaya ne ƙwarai a ce ƙasa mai arziki kamar Amurka, sai mai sayar da labari ta yi sadaka kafin a binciki jinin mutum.

Kuma kasuwar nan tana da zaɓe. Tun 2004 'yar jarida Gwen Ifill ta yi wa gidajen talabijin gori cewa in Baturiya ce ta ɓata sai su kwana a kai. A 2021 aka ga gaskiyarta, da Gabby Petito ta ɓata a jihar Wayomin duniya duka ta ji. Alhali a jihar nan guda an kai rahoton ɓatan mutum 710 cikin 'yan asalin ƙasar tsakanin 2011 da 2020, ba wanda ya ƙirga kwanaki yana jiran labarinsu. Masu buga littafi ba wawaye ba ne, abin da aka saba saye shi su ke sake kasawa.

Saboda haka idan sabon littafinta ya zo, mu ma za mu karanta, don ta iya riƙe mutum har asuba. Amma za mu karanta kamar yadda ku ke karɓar buhun hatsi daga hannun dillalin da kuka saba da shi: a kwance bakin, a sa hannu har ƙasa. Za mu duba sunan wa aka ƙanƙanta a bango, mu duba ko mamaciyar da ke ciki tana da kabari na gaske a wani gari.