Rangwamen ƙarshen shekara: na'urar GPS ta yi araha, amma taswirar wace ƙasa ce a cikinta?

Daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa cikin Janairu, tallan rangwame kan cika shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na ƴan kasuwa. Ana farawa da Black Friday, wato Juma'ar da ke biyo bayan bikin godiya na Amurkawa, sai cinikin Kirsimeti, sai kuma rangwamen hunturu na Faransa wanda doka ta tsara, da ke farawa cikin Janairu ya ɗauki mako huɗu. Cikin kayan da ake karya wa farashi a wannan lokaci akwai na'urar nuna hanya ta mota, wadda kowa ya fi sani da GPS. Mai ɗan'uwa a Faransa, Beljiyam ko Amurka kan aika saƙo a sayo masa, wasu kuma su bi ta hannun ƴan kasuwar da ke yo odar kaya daga Dubai da China.

Lissafin kuɗin ba shi da wuya, tun da yuro ɗaya sefa 655,957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Na'urar yuro 150 ta kama kusan jika 98 kafin a sa kuɗin aike da na duwan. Idan aka rage kashi 30 cikin ɗari, mai saye ya tsira da kusan jika 30. Kuɗi ne masu auki ga direban da ke jigila tsakanin Maraɗi da Yamai. Sai dai abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko na'urar ta san hanyar Maraɗi zuwa Yamai ɗin.

Tauraro na kowa ne, taswira ta mai kamfani

GPS tsari ne na ma'aikatar tsaron Amurka, mai taurarin ɗan Adam kusan 30 da ke kewaya duniya a nisan kilomita 20.200 daga doron ƙasa. Na'urar da ke cikin mota saurare kawai take yi. Da zarar ta kama saƙon taurari huɗu, za ta lissafa inda take. Ba ta buƙatar layin waya, ba ta cin kuɗin intanet, kuma saƙon da ke sauka a Paris shi ne ke sauka a Dakoro. Tun watan Mayun 2000 Amurka ta daina gurɓata saƙon da gangan ga farar hula, daga baya kuma Rasha da Tarayyar Turai da China suka buɗe nasu tsare-tsaren, GLONASS da Galileo da BeiDou. Ta wannan fuskar babu wanda aka bari a baya.

Bambancin yana wajen taswira. Tauraro lambobi kawai yake taimaka wa na'ura ta fitar. Taswirar da aka zuba a ciki ce ke cewa waɗannan lambobi sun faɗa kan hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Ƙonni da Madawa. Na'urar da ake sayarwa a kantin Faransa galibi da taswirar Turai take zuwa, ta Amurka kuma da ta Arewacin Amurka. Idan aka kunna ta a Damagaram za ta kama taurari sarai, ta nuna hoton mota zaune a tsakiyar fili fetal, ko kan wani dogon layi guda marar suna. Duk wanda ya taɓa sayen mota ƴar Kwatano mai allon GPS a gaba ya san wannan hoto: allon na aiki, amma tunaninsa na can Brussels ko Hamburg.

Alƙawarin da ake bugawa a jikin kwali na sabunta taswira kyauta har tsawon rai shi ma yana da sharaɗi. Galibi taswirar yankin da aka saya ake sabuntawa, ba ta wata nahiya ba. Ran da ake magana kuwa na na'urar ne, kuma kamfani ne ke yanke ranar da ya ƙare. A farkon 2018 kamfanin TomTom ya sanar da daina sabunta taswirar wasu tsoffin na'urorinsa saboda ma'ajiyarsu ta yi ƙanƙanta. Wannan ya shafi masu sayen gwanjo kai tsaye, domin tsoffin na'urorin da Turawa suka ajiye su ne kan ƙare a kasuwannin Afirka ta Yamma.

Dalilin arahar

Rangwamen da ake gani ba don kirki ba ne. Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna riƙe da wannan kasuwa, Garmin na Amurka da aka kafa a 1989, da TomTom na Holan da aka kafa a 1991. A ƙarshen 2009 Google ya saki manhajar nuna hanya kyauta a wayoyin Android, darajar hannun jarin kamfanonin biyu ta faɗi nan take, kuma tun daga lokacin kasuwar ke tsukewa. Garmin ya karkata ga agogunan motsa jiki da kayan jiragen sama da na ruwa, TomTom kuma ga sayar wa masu ƙera motoci taswira. Kayan da kasuwarsu ke ja da baya su ne kanti ke son rabuwa da su kafin ƙididdigar ƙarshen shekara.

Ko adadin rangwamen ma sai an duba. Tun 28 ga Mayun 2022 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa mai kanti ya auna ragin da ya yi da farashi mafi ƙasa da ya sayar da kayan cikin kwana 30 da suka gabata. An yi dokar ce don hana tsohuwar dabarar nan ta ɗaga farashi yau a sauke gobe a kira shi garaɓasa. Amma ba ta hau kan mai talla a WhatsApp ba, ba ta kuma bin kaya zuwa Kasuwar Dole ko babbar kasuwar Yamai.

Abin da ake biya, da abin da ake mora

Idan aka jera na'urori biyu, mai tsada da mai araha, yawancin abin da ya raba su hidimomi ne da aka gina don titunan Turai. Labarin cunkoso kai tsaye yana zuwa ne ta tashoshin FM da ke watsa shi a ɓoye cikin shirye-shiryensu, ko ta wayar direba daga rumbun bayanan kamfani, kuma duka biyun sun dogara da ƙasashen da kamfanin ke yi wa hidima. Gargaɗin kyamarar kama masu gudu haka yake. A Faransa ma doka ta hana nuna ainihin wurin kyamarar tun 2012, sai dai a ce an shiga yankin haɗari. Hoton mahaɗar tituna da ke nuna layin da za a bi yana da amfani a hanya mai layi biyar, amma ba shi da aikin yi tsakanin Tasawa da Takeita. Umarni da murya kuwa da harsuna irin su Faransanci ko Ingilishi ne. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma masu ƙera waɗannan na'urori ba su kai ga wannan shafi ba tukuna.

Masu manyan motoci su ne suka fi fuskantar jarabar kashe kuɗi. Akwai na'urori na musamman irin su Garmin dēzl da TomTom GO Expert, waɗanda ake faɗa wa tsawo da nauyi da faɗin mota, su kauce wa gadar da ba za ta ɗauka ba. Dabara ce mai kyau, amma ba ta aiki sai idan wani ya riga ya auna gadojin ya shigar da su cikin taswira. Inda ba a yi wannan aiki ba, direba ya sayi babban allo ne kawai da tsadar gaske.

Abubuwan da suka fi muhimmanci a nan ba su ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla ba. Na farko shi ne ramin katin ajiya, da ko na'urar na karɓar taswirar da ba ta kamfaninta ba. A nan Garmin ya yi zarra: ana iya zuba masa taswirar OpenStreetMap, wadda masu aikin sa kai ke zanawa tun 2004, ciki har da matasan Nijar da ke shigar da unguwanni da ƙauyuka da hanyoyin burji. Na'urorin TomTom a kulle suke, taswirar kamfanin kaɗai suke ɗauka. Sai kuma ikon shigar da lambobin wuri da hannu, domin a garuruwan Nijar ba da lambar gida ake kwatance ba, da masallaci ne, da gidan mai, da kwanar wane. Lambobin kuwa na son kula. Yamai da Maraɗi kusan a layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, dukansu wajen digiri 13 da rabi, sai dai ta gabas Yamai na kan digiri 2, Maraɗi na kan 7. Kuskuren lamba ɗaya tazarar fiye da kilomita 500 ke nan. Ga mai shiga daji akwai ƙarin abu guda: na'urar ta iya adana sawun da mota ta bi, ta yadda za a iya komawa ta kansa idan iska ta shafe shi.

Waya ko na'ura?

Ga ɗan taksi a Yamai ko mai adaidaita a Maraɗi, wayar da ke aljihunsa ta wadatar. Google Maps na ba da damar sauke taswirar yanki a yi amfani da ita ba tare da intanet ba, manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps kuma na sauke taswirar Nijar gaba ɗaya. Taswirar waya ta fi saurin bin sauyi. A watan Oktoban 2024 hukumomi sun sauya sunayen wasu wurare a Yamai: titin Charles de Gaulle ya koma Djibo Bakary, dandalin Francophonie ya koma na ƙawancen ƙasashen Sahel, AES. Gyaran irin wannan kan iso waya ta intanet, amma na'urar da ba a taɓa haɗawa da kwamfuta ko Wi-Fi ba za ta ci gaba da kiran sunan da aka riga aka cire allonsa.

Inda na'ura ta fi waya shi ne juriya. Apple ya ce a yi amfani da iPhone a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa ma kan haura 40 a Tawa da Yamai, balle bayan gilashin mota da tsakar rana. Wayar da ke caji, tana nuna hanya, rana na dukanta, takan dushe allo ko ta kashe kanta. Takardun na'urorin mota na Garmin kan nuna iyakar digiri 55. Ga direban da zai yi kusan kilomita 900 daga Yamai zuwa Damagaram wannan tazara ba wasa ba ce, kuma wayarsa ta huta don kira. Duk da haka batirin na'urar ma ba ya son a bar shi manne da gilashi a motar da aka kulle cikin rana.

Akwai kuma ruɗanin da masu talla ke cin riba da shi. Abu biyu ake kira GPS a kasuwa: mai nuna wa direba hanya, da ƙaramin akwatin da ake ɓoyewa a mota ko babur don mai shi ya riƙa ganin inda yake. Na biyun na buƙatar layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Télécom da kuɗi a ciki, kuma inda babu sabis ba ya aiko da komai. Wanda tsoron ɓarayin babur ya kai shi kasuwa, na farkon ba zai yi masa maganin komai ba.

Abin da allon bai sani ba

Na'urar nuna hanya gajeriyar hanya ko mafi sauri take nema. Ba ta san cewa kori ya kawo ba, kamar yadda ruwa ya katse manyan hanyoyin shiga Yamai a Agustan 2024. Lokacin da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanville bayan 26 ga Yulin 2023, manyan motoci suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, amma a tsohuwar taswira hanyar Kwatano na nan a buɗe. Ba ta san yankin da aka hana hawa babur ba, ko hanyar da direbobi suka daina bi bayan la'asar. Wannan labari a tasha ake samunsa, wajen ƴan kamasho da direbobin da suka sauka yanzu, da kuma shingen jandarma.

A arewa abin ya wuce ɓata lokaci. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara, a hamadar arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. GPS na mota zai iya faɗa wa direba daidai inda ya tsaya, amma ba zai faɗa wa kowa ba, domin karɓa yake yi, ba ya aikawa. Aika saƙo daga inda babu sabis aikin wayar tauraro ce irin ta Thuraya, ko na'ura irin inReach ta Garmin da ke amfani da taurarin Iridium. Dukansu sai da kuɗin hidima, kuma rangwamen da ke jikin kwali bai haɗa da shi ba.

Ga wanda ya riga ya yanke shawarar saye, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Kafin a tura kuɗi, a roƙi ɗan'uwan da ke can ko mai kantin da ke nan ya kunna na'urar, ya buɗe jerin taswirorin da ke ciki ya turo hotonsa, sannan ya rubuta sunan wani gari matsakaici yadda ake rubuta shi da Faransanci, kamar Madarounfa, Mirriah ko Illéla. Idan na'urar ta ce ba ta san garin ba, sai a tambaya ko tana da ramin kati, a kuma lissafa kuɗin katin da na mai zuba taswirar cikin farashi kafin a kwatanta ta da wata.