Maraƙi ba ya shan koko

Shekara uku ke nan, bayan Babbar Sallah da kamar wata biyu, aka sauke mini ɗan maraƙi daga bayan a-kori-kura a bakin lungunmu na Nima, a Gana. Kwanansa huɗu a duniya. Uwarsa ta mutu wajen haihuwa a wata ruga can gaba da Ashaiman, mai shi kuma ba ya son wahala, ya sallama mini shi da araha. Na yi lissafin da kowane ɗan zango yake yi: in na raine shi a turken bayan ɗaki, nan da shekara uku ga san layya, ba sai na je kasuwar Turaku ina ciniki da dillalai ba.

Kwana tara ya yi a hannuna.

Ba yunwa ce ta kashe shi ba, ni shaida ne. Na sayi bulumboti, na sayi madarar gari irin ta shayi, ina damawa da ido, yau kauri gobe tsululu. Gwaggona mai sayar da koko ta leƙo ta ga yana kuka, ta ce, "Ɗan nan, wannan ruwan ba zai riƙe masa ciki ba. Miƙo kwalbar in zuba masa koko, tun ban sa yaji ba." Muka ƙara sukari don ya karɓa, muka faɗaɗa hudar bakin robar da almakashi don kokon ya wuce. Ya sha kuwa, har muna murna. Kwana biyu sai zawo, fari-fari mai wari, ya ɓata masa wutsiya da cinyoyi. Wani maƙwabci ya ce a fasa kafso ja-da-rawaya a zuba masa, wani ya ce a tsayar da madara gaba ɗaya. Na bi duka biyun. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Rana ta tara da asuba na tarar idanunsa sun faɗa, bakinsa ya yi sanyi.

Daga baya na zauna da wani likitan dabbobi na ba shi labari. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya fara yi: "Malam, ya sha dakashi?" Ban sani ba, don ban tambaya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin a Nima da Mamobi muna duba ƙafa, muna duba launi, muna duba tozon uba, amma ban taɓa jin mai saye ya yi wannan tambayar ba.

Maraƙi yana faɗowa duniya ne ba garkuwar jiki, domin mahaifar saniya ba ta miƙa masa ita ta jini. A dakashi yake samunta, wato nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa. Hanjinsa kuma na ɗan lokaci ne yake iya ɗaukarta: awa 6 na farko su ne zinariya, in an cika awa 24 ƙofa ta kusa rufewa. Wanda ya rasa wannan, duk ƙwayar cutar da ta zo wucewa sai ta yada zango a cikinsa. Ku dubi kuma inda muke ɗaure su: lungu mai danshi, ba rana, kwata na bi ta gefe tana gangarawa babban magudanar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi.

Sai maganar koko, wadda ita ta fi ci mini rai, don da hannuna na riƙe kwalbar. Mun san saniya ciki huɗu gare ta, duk wanda ya taɓa wanke kayan ciki ranar Sallah ya gani. Abin da ba mu lura ba shi ne, a jikin jariri tumbin nan babba bai fara aiki ba. Ciki na huɗu ne kaɗai ke narkar da abinci, shi kuma nono ya sani. Idan maraƙi ya ɗaga kai yana tsotso a hankali, akwai wata tsoka da ke naɗewa kamar indararo, ta kai nonon can kai tsaye, ta tsallake tumbi. In ka yage bakin roba, ko ka ɗura masa, ko ka ba shi da sanyi, sai wani ya zube a tumbi ya yi tsami, ciki ya kumbura, wani lokaci ma ya sarƙe shi ya shiga huhu. Gero da masara kuwa, a makonni ukun farko cikinsa bai iya narkar da garinsu sosai ba. Sukarin shayi ma haka, bai da abin narkar da shi, sai ya ja ruwa cikin hanji ya ƙara zawon. Wato ruwan gishiri da sukarin da muke ceton yaranmu da shi, in na maraƙi ne, gulukos ake sawa, ko a sayi garin da aka haɗa don dabbobi.

Gwaggo ba ta yi laifi ba. Da kokon nan ta raini rabin yaran lungunmu, har da ni. Kuskurenmu ɗaya ne, mun ɗauki ɗan saniya kamar ɗan mutum.

Abin da ake bukata ba wani tsada ne da shi ba. Nonon saniya, ko madarar da aka yi musamman don maruƙa, gwargwadon kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a yini. Maraƙi mai kilo 25 zai sha lita biyu da rabi, wato cikin ledar fiya-wata biyar, a raba sau uku, da ɗumi irin na jiki, lokaci ɗaya kullum, awo ɗaya kullum. A wanke kwalba da ruwan zafi bayan kowane sha. Daga makon farko a ajiye masa ruwa mai tsabta da ɗan abincin hatsi busasshe a kwano yana lasa da kansa, don shi ne ke tayar da tumbi, har ya kai ga tuƙa. In zawo ya zo, rashin ruwa ne ke kisa: ja fatar wuyansa, in ta tsaya ba ta koma ba, lokaci ya ƙure, a nemi likita. Kada a yanke nono, a riƙa ba shi ruwan gishirin a tsakani. Kafso kuwa ba ya taɓa yawancin abin da ke kawo zawon nan, kuma wani daga ciki yana kama mutum. A gidajenmu na haya, inda yara ke rarrafe taku biyar daga turke, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai masu cewa a hana kiwo a cikin zango kawai a huta. Ban yarda ba. Ragon bayan ɗaki da san turke su ne asusun talaka a nan, da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake aurar da 'ya. Ilimin ne bai iso lungu ba, alhali yana kusa: ga hukumar kula da lafiyar dabbobi ta ƙasa, ga makarantar likitancin dabbobi a Jami'ar Gana da ke Legon, tafiyar mota ɗaya. Me zai hana sarakunan zango da limamai su gayyato su, ko ranar Laraba da kasuwar Nima ke ci, su yi bayani da Hausa, da kwalba a hannu?

Kafin a kai ga haka, ɗan'uwa, in an kawo maka maraƙi ko ɗan rago maraya ana cewa araha ce, ka tambaya ko ya sha dakashi ranar da aka haife shi. In mai shi ya fara kame-kame, mayar da kuɗinka aljihu.